Neman shawara: wane bututun birki ya dace da Peugeot 504?

Assalamu alaikum, iyayenmu makanikai da 'yan'uwa masu tsofaffin motoci. Ina tayar da Peugeot 504 ta marigayi mahaifinmu, irin haɗin nan Kaduna. Inji ya tashi lafiya, birki ne ya tsayar da ni. Bututun da ya taso daga masta (famfon da ke tura man birki) zuwa ƙafafun baya tsatsa ta cinye shi, musamman wajen ƙarafan da suka riƙe shi a ƙarƙashi. Ka kankare da farce sai ya yi ta zuba kamar garin bulo, man birki na tsattsafowa.

Na zaga Panteka, kasuwar kayan gyara ta Kaduna. Wani ya miƙo mini bututun zallan jan ƙarfe irin na masu gyaran firij, ya ce kowa shi yake sawa. Ban karɓa ba, domin jijjiga tana sandarar da jan ƙarfe har ya tsage, kuma iyalina zan ɗauka a motar nan. Na tsohuwar mota kuwa, shekarunsa ɗaya da nawa.

Abin da raina ya kwanta da shi shi ne mai haɗin jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da 10, mai kaurin milimita 4.75. Yana lanƙwasuwa da hannu, ba ya tsatsa. To a ina ake samunsa a Kaduna, ko sai Kano ko Legas? Idan bai samu ba, sabon na ƙarfe mai rufi zai jure daminarmu?

Sannan wa kuka sani mai na'urar buɗa bakin bututu daidai da notin asali? Ba na son a buɗa shi da ƙusa da guduma. Allah Ya saka da alheri.