Muhawara: Dole ne duk mai wankin ƙoda ya sha folik asid kullum?

Mai harhaɗa magani: Ni dai na tsaya a kan cewa dole ne. Folik asid bitamin ne mai narkewa a ruwa, ƙwayar sinadarinsa ƙarama ce, matatar injin ba ta iya tare ta. Jini ya yi awa 4 yana zagayawa, sau 3 a mako, kowane zama sai wani kaso ya bi ruwan wanki. Miligiram 1 a rana ya isa ya cike giɓin.

Likitan ƙoda: Malam, zubewar gaskiya ce, kalmar "dole" ce ban yarda da ita ba. Rashin folik asid na kawo ƙarancin jini, amma mafi yawan masu ƙarancin jini a wajenmu sinadarin ƙarfe ne ya gaza, ko allurar EPO, mai sa jiki ya ƙera jini, ba ta isa ba. A fara duba girman jajayen ƙwayoyin jini. In awon girman, wato MCV, ya haura 100, a auna folat (wato folik asid na cikin jiki da abinci) da bitamin B12 tare, kuma a ɗebi jinin kafin a jona mutum da injin.

Masaniyar abinci: Likita, kada mu manta da tukunya. Mu ne muke rage musu alayyafo, zogale da wake saboda fotasiyam, kuma a nan folat yake. Ɗan abin da muka bari ma cewa muke a tafasa a zubar da ruwan, folat ɗin ya bi shi rariya. Ga rashin cin abinci. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi wanki sau 3 ba, injin bai ɗebe masa da yawa ba, amma cikinsa ma bai samu ba.

Likitan ƙoda: Wannan hujja ta fi ƙarfi, Hajiya. Tsorona shi ne a ba da ƙwayar miligiram 5 ba tare da duba B12 ba. In B12 ne ya gaza, jini zai gyaru, jijiyoyin ji da motsi kuwa na ci gaba da lalacewa, tafin ƙafa ya sage, tafiya ta rikice. Masu cewa yawan sha na kare zuciya kuma, binciken HOST na Amurka a 2007 ya ba da miligiram 40 a rana, homosistin, sinadarin cikin jini da ake alaƙantawa da ciwon zuciya, ya sauka, mace-mace ba su ragu ba.

Nas a ɗakin wanki: Ko an rubuta, lokacin sha ne ke ɓata aikin. Da yawa da safe suke haɗiya su zo su hau injin. Ranar wanki, sai an sauko ake sha.

Mai harhaɗa magani: Haka ne, Sista. Kuma a guji haɗin bitamin na kemis, don bitamin A taruwa yake a jikin mai ciwon ƙoda. Amma Likita, inda babu halin awon folat, gara a ba da miligiram 1 haɗe da B12 da a zauna jira.