Dangantakar Maxwell: in biya tutoriyal ko in zauna da kaina?

Ɗalibar aji uku: Assalamu alaikum yayyena. Saura kwana 12 jarabawar tamodainamiks, wato ilimin zafi da makamashi. Malaminmu ya faɗa ƙarara cewa ba ya karɓar haddar dangantakar Maxwell guda huɗun (lissafan da ke haɗa zafi T, matsi P, girma V da entirofi S, wato ma'aunin rashin tsari), sai an fito da kowacce daga tushe. Ta dU = TdS − PdV (U makamashin ciki) tana fito mini daidai, amma ina isa kan G, makamashin Gibbs, sai alamar ragi ta ɓace. Naira dubu biyar gare ni, kuɗin abincina ne. In kai wa mai tutoriyal ko in daure da kaina?

Injiniyan gobe: Wa alaikumus salam. Haddace murabba'in Born kawai, zanen nan da ake tuna dangantakar da shi, ki zana shi a bayan takardar amsa. Minti biyu kin gama.

Ɗalibar aji uku: Yaya, ai na ce ba ya karɓar hadda.

Tsohon ɗalibi: Kar wanda ya sake ambata mini murabba'in nan. Na haddace shi tsaf, ranar jarabawa na juya kibiya ɗaya. Na rubuta (∂S/∂P)T = (∂V/∂T)P, babu ragi a gaba. Tambaya mai maki 20, duk sauran lissafin a kanta ya hau. Kariyoba a shekarar ƙarshe. Abokaina suka tafi bautar ƙasa, ni ina ɗaki ɗaya da ƙannen bayana, Baba ya sayar da masarar da ya ajiye ya sake biyan rajista.

Maman biyu: Allah sarki. Amma dubu biyar ta yi yawa, mu dubu biyu muka biya.

Injiniyan gobe: Wace shekara, Hajiya? Zangon da ya wuce dubu goma aka karɓa.

Malamin sakandare: 'Yata, riƙe kuɗinki. G = U − TS + PV, daga nan dG = −SdT + VdP; ragin yana manne da S tun farko. Sannan ki auna amsarki da iskar gas: in aka ɗumama ta tana kumbura, in aka matse ta zafinta bai canja ba entirofinta raguwa yake. Ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, dole ragi ya shiga tsakani. Amfanin abin ke nan: babu na'urar da ke auna entirofi kai tsaye, amma matsi da zafi da girma ana auna su.

Injiniyan gobe: Malam, da girmanka, yaushe rabonka da ɗakin jarabawa? Can lokaci ake kora.

Malamin sakandare: Tun 1871 Maxwell ya buga su, har yau ko alama ɗaya ba ta sauya ba.

Ɗan fiziks: Wai Maxwell ɗin lantarki ne dai? Mutum ɗaya ya hana mu barci a aji biyu, ya biyo mu aji uku!

Tsohon ɗalibi: Ku yi dariya. Har yau in na ga harafin G gabana faɗuwa yake. Na nemi ganin takardata sau uku, ba a nuna mini ba.

Maman biyu: Laifin handawut ne ma. Namu ya sa A, littafin laburare ya sa F, alhali abu ɗaya ne, makamashin Helmholtz. Aikin W kuwa wani ya tara, wani ya rage.

Ɗan fiziks: Kuma in ba ka sayi handawut ɗin ba, a rubuta sunanka. Nawa ake sayar da naku yanzu?