Mama tana shan Prednisolone, an yi mata tiyatar gaggawa: mu tsayar da maganin?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan Mama tana shan Prednisolone saboda ciwon gaɓoɓi. Afendis ɗinta ya fashe, aka shiga da ita tiyata cikin dare, yau kwana 6, mun dawo gida. Na ji an ce masu shan sitiroyid, wato irin wannan maganin nata, ɗinkinsu yana saurin ruɓewa. Gefen ɗinkin ya ɗan yi ja, amma jikinta babu zafi. Yayana ya ce mu ɓoye maganin har ta warke. Hankalina ya kasa kwanciya, ku ba ni shawara.

Wata 'yar uwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ni dai da na tsayar, tunda shi ne ke hana ciwon haɗewa.

Ma'aikaciyar jinya:
Don Allah kada ku tsayar, ko na kwana ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke taimaka wa jiki ya jure ciwo da wahala. Idan mutum ya wuce kamar mako 3 yana shan irin wannan magani, sai ta yi sanyi da aikinta, tunda maganin yana kawo mata irinsa daga waje. Mama kuwa shekara biyu. Aka yanke mata shi farat ɗaya, ga jiki yana fama da ciwon tiyata, jininta zai iya faɗuwa, ta kama amai, ta galabaita har ta suma. Shi ya sa ma likitoci kan ƙara wa irinsu allurar Hydrocortisone, wadda ita ma sitiroyid ce, lokacin aiki. Idan za a rage, likita ne zai rage, a hankali.

Abin da kika ji kuma gaskiya ne. Maganin yana danne garkuwar jiki, yana jinkirta tsirowar sabon nama, yana kuma tayar da sukari, duk uku suna ba ƙwayoyin cuta dama. Ga shi afendis da ya fashe ya riga ya zubar da datti a ciki. Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne "babu zafi". Sitiroyid yana ɓoye zazzaɓi, ciwo yana ci a ƙasa jiki na nan shiru. Ki kai ta a duba jan nan yau.

Wani ɗan uwa:
Haka aka yi da mahaifina. Mun tsaya jiran zazzaɓi, sai wari da mugunya muka gani, dole aka warware wani ɓangare na ɗinkin ana wankewa kullum. Ki zagaye jan da biro ki ga ko yana faɗaɗa, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa bandeji.

Ma'aikaciyar jinya:
Na manta: idan ruwa mai ja-ja ya ɓalle daga ɗinkin da yawa, ko ciki ya kumbura, ko ta kasa riƙe maganin saboda amai, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Ki roƙa a gwada mata sukari, ki tambaya ko za a jinkirta cire zaren.

Mai tambaya:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Yaya, ya mayar da maganin, ta sha na safe. Yanzu muna shirin fita, na ɗauki kwalin don likita ya ga adadin da take sha.