Tashar awon gari ko na'urar da ke jikin mutum: wacce za a yarda da ita?

Ɗalibar Bincike:
Salamu alaikum masana. Wajen auna ƙurar PM2.5 da mutane ke shaƙa (wato ƙananan ƙwayoyin ƙura da faɗinsu bai wuce maikuron 2.5 ba; maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), sai ka ga tashar awo ta gari ta nuna maikurogiram 20 a kubik mita, na'urar da aka rataya wa mutum kuma ta nuna 60 a rana ɗaya. Wacce ce ke da matsala? Kuma wacce ya kamata a haɗa da bayanan tari da asma?

Mai Awo:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙila duk biyun gaskiya suka faɗa. Tasha tana kan rufin gini, iskar unguwa take aunawa. Shi kuwa mutum yawancin yininsa a cikin ɗaki yake, kusa da hayaƙin girki ko na taba, sannan ya fita cikin cunkoson motoci. Awa ɗaya a gaban murhu tana iya ɗaga lissafin yini gaba ɗaya. Ki ba kowa takarda ya riƙa rubuta inda yake duk rabin awa, sai ki daidaita da lokutan da awon ya yi sama. Idan kika liƙa wa kowa lambar tasha, kin mai da mai girki da ma'aikacin ofis abu guda, kuma alaƙar ƙura da ciwon takan fito da rauni.

Injiniya:
Kafin nan, wace irin na'ura ce? Ƙananan nan masu araha ba nauyin ƙura suke aunawa ba, haske suke haskawa su yi kiyasi. Da zarar danshin iska ya haura kashi 75, ƙwayoyin ƙura sukan sha ruwa su kumbura, na'urar ta ƙara lamba. A ajiye su duka gefen na'urar tasha kamar mako biyu kafin aiki, a maimaita bayansa, a fitar wa kowacce lissafin gyaranta.

Mai Awo:
Haka ne Injiniya. Shi ya sa har yanzu matatar ƙura (filta) da ake aunawa a sikeli ce alƙali. Famfo yana zuƙar iska, wani ɗan mazurari yana ware ƙwayoyin da suka fi maikuron 2.5, sauran su sauka kan matatar Teflon (wani nau'in roba). A bar matata awa 24 a ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 23 da danshi kashi 30 zuwa 40 kafin a ɗora ta a sikeli, a farko da ƙarshe. Misali: lita 4 a minti na tsawon awa 24 kubik mita 5.76 ke nan. Idan matata ta ƙara maikurogiram 230, awonki kusan 40 ne.

Inda ake yin ɓarna shi ne gudun iska. Batir ya yi sanyi ko tiyo ya lanƙwashe, mazurarin ya daina tacewa daidai, manyan ƙwayoyi su kutsa. A duba gudun kafin da bayan awo. Bakin tiyon ya zauna a ƙirji, cikin santimita 30 daga hanci, kada mayafi ko riga su rufe shi. A kuma fita da matata ɗaya cikin goma da ba za a zuƙi iska da ita ba, don a gane dattin da hannu da jigila ke ƙarawa.

Likitan Huhu:
Ƙarin bayani kaɗan. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 shi ne maikurogiram 15 a kubik mita a matsakaicin awa 24, da 5 a matsakaicin shekara. Kada ki kwatanta shi da tashin minti goma. Ga asma kuwa, ki duba awon jiya da shekaranjiya, domin tarin ba lallai ya taso a ranar ba.