Fasto na iya barin ikilisiya ya tafi cin rani? Ku ba ni shawara don Allah

Mai_bishara_Mayahi:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai maganar da ta hana ni barci kwana da kwanaki, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Shekarata 4 ke nan da anka turo ni wani ƙauye cikin ƙasar Mayahi, nan Nijar. Masu bi gida 9 ne, ranar Lahadi in an cika har da yara mukan kai mutum 50. Baiko wani mako jikka 1 da 'yan dala, wani makon ko jikkar ba ya kai, a ciki za a sai batir na fitila da abin da ake bukata na Jibin Ubangiji. Lokacin da na zo dattawa sun yi alkawari kowane gida zai ba ni dami 3 na hatsi in kaka ta yi, kuma anka ba ni aron gona bayan majami'a. Shekarun baya sun cika alkawari ban da abin cewa. Bana ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke bununi, wanda ya tsira kuma tsutsar murzuna ta bi zangarniya ta cinye. Gonar da na saba ɗaure dami 50, dami 22 na samu. Su ma membobin haka, ta yaya zan buɗe baki in tambayi mutum dami 3 alhali na ga rumbunshi da idona?

Mu 7 ne a gida har da tsohuwata. Babbar ɗiyata ta shiga kwalej bana tana zaune Mayahi wajen dangi, can ma sai an aika da hatsi. Mun yi lissafi ni da maiɗakina, in munka yi tsimi sosai abincin zai kai mu watan Maris, daga nan sai Allah.

To da an gama Kirsimeti maza duk watsewa suke, wasu Kano wasu Legas wasu Agadas, samari har Jado wajen zinariya. Ƙanena na aikin gini a Agadas ya ce in zo in yi wata 3 tare da shi in dawo kafin ruwan shuka. Maiɗakina ta ce in tafi. Ni kuma abin da ke tsaya mini a rai, bara cikin bazara wata tsohuwa cikin masu bi ta rasu, babu namiji mai ƙarfi ko guda cikinmu, ni da maƙwabta Musulmi 2 munka gina kabarin, ni na yi addu'a, ni na zauna zaman makoki. Da ina Agadas fa? Zunubi ne in tafi? Ko rashin bangaskiya ne ma da nake wannan tunanin?

Baba_Fasto_mai_ritaya:

Ɗana sannu da aiki, Ubangiji shi ƙarfafa ka. Tunanin abincin ɗiyanka ba rashin bangaskiya ba ne, fidda wannan daga ranka tun yanzu.

Abin da kake shirin yi ni na yi shi. Yunwar 1984, wadda mutanen nan ke ce ma El Buhari, ina wani ƙauye yamma da Dakoro, na bar iyali na tafi neman abinci wata 2 da 'yan kwanaki. Na dawo da hatsi, wannan gaskiya ne. Amma na iske gida 2 cikin masu bi sun tashi, wani yaro ya mutu an binne shi ba wanda ya buɗe Littafi, uwar yaron har ta koma ga Ubangiji tana gaishe ni da ladabi amma ba ta sake kawo mini damuwarta ba. Ba wanda ya zage ni, kowa ya san yunwa ce. Sai dai na shekara wajen 3 kafin mutane su koma kallona kamar da.

Mutane na son kawo misalin Bulus cewa ai shi ma ya yi sana'a. Ya yi, a Korinti ya zauna gidan Akila da Biriskilla suna ɗinkin tanti, duba Ayyukan Manzanni sura 18. Amma lura, a garin da yake wa'azi nan yake sana'ar, ran Asabar yana cikin majami'ar Yahudawa. Mu da munka yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Agye, karatu da noma tare munka yi su, don an san inda za a tura mu ba albashi.

Saboda haka ni shawarata ka nemi abin da za ka yi kana zaune. In ƙanenka na iya ranta maka kuɗin ɗan rago 2, ka turke su da harawar wake da dusa, Layya na zuwa kuma maƙwabtanka su ne masu saye. Ko pano ƙarami mai aiki da hasken rana na cajin waya, ƙauyen da maza sunka tafi cin rani mata ba su barin waya ta mutu don jiran kira suke. Sannan gonar nan ta aro, kana barin itace ciki? Wani mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tun wajen 1983 ya fara koya ma mutane a nan Maradi su bar tohon kututture, a rage rassa a bar masu ƙarfi, abin da ake ce ma sassabin zamani. Da farko dariya anka yi mishi. Yau ka bi hanyar Agye ko Tasawa ka ga gawo da kalgo da sabara cikin gonaki. Ba zai cika maka rumbu bana ba, amma itacen wuta da abincin bisashe ka huta da sayensu.

In kuwa ya zama dole sai ka tafi, kada ka sulale. Ka gaya ma shugabanninka, ka tara dattawa, a sa wanda zai riƙe sujada, kuma wata 3 ya yi yawa.

Maman_Rahila:

Baba ina gaisuwa, ku yi mini haƙuri zan ɗan sa baki don ni matar fasto ce shekara 16, ƙauye 3 munka zauna. Duk lokacin da aka tada wannan magana sai a yi ta zancen garke, ba a tuna wadda ke auna hatsi da safe. Fasto yana fita ziyara a ba shi hura ya sha a gidan mutane, ita ce ke gida da yara suna kallon tukunya. Kuma gidan fasto gidan baƙi ne, wanda motar kasuwa ta bari, mai bishara da ke wucewa, matar da ta yi yaji da dare, ɗalibin da ya zo hutu, duk nan za su sauka kuma ba ki isa ki ce babu ba sai gobe a ce matar fasto rowa gare ta. In kin yi ɗan ciniki membobi su ɗauka bashi, ki je tambaya a ce kin cika son duniya, ni na taɓa barin kuɗin ƙuli-ƙuli na kusan jikka 8 a hannun mutane saboda kawai kada a ce.

Malam, da maiɗakinka ta ce ka tafi, ba tafiyarka take so ba. Wace mace ke son a bar ta da surukuwa da yara da ikilisiya gaba ɗaya? Don in ka tafi ita za ta zama faston, ita za a buga ma ƙofa tsakar dare in naƙuda ta zo da gardama a nemo amalanke zuwa gidan likita. Ta faɗi haka ne don ta ƙirga tiyoyin da sunka rage ta ga ba su kai. Ka zauna da ita ka tambaye ta tsakani da Allah me take tsoro. 1 Timoti 5:8 ma na cikin Littafin da kuke karanta mana, maganar wanda bai kula da mutanen gidansa ba.

Abin da ya taimake ni shi ne asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a nan Maradi tun 1991, yanzu ko ba porje mata na yin abinsu. Muna zubi kowane mako tare da matan gari Musulmi da Kirista, na ci bashi na sai gujiya lokacin kaka ina fidda mai. Can ba wanda ke ce mini matar fasto, in lokacin biya ya yi kowa biya yake. Ka bar ta ta shiga in akwai a garinku, kuma kada dattawa su ce wai bai dace ba.

Ma'aji_Maradi:

Ni kunya ce ta kama ni da na karanta wannan. Ina riƙe da kuɗin wata ikilisiya a cikin gari, na san abin da muke kashewa wajen sono da piyano da ankon mawaƙa da abincin taro. Kuɗin ankon Kirsimeti kaɗai ya isa ya sai ma mai bishara 3 ko 4 hatsin da zai fidda su bazara, in an saya yanzu da kaka kafin 'yan kasuwa su kwashe su ɓoye, don kowa ya san tiyar da ka saya watan Nuwamba in Yuli ya yi sai ka tarar kuɗinta ya tashi sosai. Lokacin da anka rufe iyaka da Najeriya a 2023 kuma mun ga yadda komi ke iya tashi dare ɗaya.

Kuma mu na birni daga ina munka fito? Kakanninmu a Tsibiri da ƙauyukan kewaye sunka ji bishara wajen ƙungiyar mishan ta SIM, wasu a asibitin kutare na Danja da anka buɗe 1956. Duk wanda ke zaune kan benci a Maradi yau in ka bi sawunshi wani mai bishara na ƙauye ne ya koya ma ubanshi karatu. Bulus da ake ta kawo maganar tantinshi shi ne ya rubuta a 1 Korintiyawa 9 cewa masu shelar bishara su ci abinci ta wurin bishara. Mun riƙe rabin maganar da ba ta taɓa aljihunmu.

Malam ka yi mini magana ta ciki. Ba na yi maka alkawarin abin da ba nawa ba, amma ranar Lahadi zan kai zancen gaban dattawanmu, ni kuma daga gidana akwai buhu guda. Batun murzuna, ka tambayi malamin gona na wajenku, cibiyar binciken noma ta INRAN na da wasu 'yan ƙwari da ake rataya ma gari cikin ƙananan buhuna lokacin da hatsi ke fidda kai, su ke kashe tsutsar.

Ɗan_Gobir_Tsibiri:

Ni Musulmi ne amma a danginmu akwai Kirista, kaka ɗaya gare mu. Malam fasto, a garinmu limami ba ya zuwa cin rani, kuma ba don ya fi kowa abinci ba ne, mutane ne ke yi mishi gayya a gona, in an yi girbi a kai mishi nashi, wanda ya tafi Legas in ya aiko ma gida ya ce a ba liman kaza. Mazan ikilisiyarku da za su tafi, kai ne za ka tsare musu gida, to kafin su tafi ku zauna ku yi magana a fili. Kuma ka je ka gaida mai gari ka gaya mishi halin da kake ciki, mutumin da ya gina kabari da hannunshi a garin ba baƙo ba ne.

Ɗan_fasto_88:

Ku gafarce ni iyaye, ni na ce ya tafi. Babanmu bai taɓa barin ikilisiya ko na mako guda ba, 2005 munka ci ganye har ƙanwata ta kwanta, yayata ta bar lakwal saboda ba abin da za a aika ma gidan da take zaune, shekara guda ya rage ta yi jarrabawar birbe. Yau kowa na yabon baba, ita tana surfe a gidan miji. Buhun da ake alkawari daga birni mun sha jiran irinshi. In taimakon ya iso hannu kafin Janairu to, in bai iso ba Malam ka tuna da yarinyar nan ta kwalej.

Mai_bishara_Mayahi:

Na gode ƙwarai, Ubangiji shi saka. Na karanta duka har sau 3, na ɗan fasto ya fi yi mini nauyi.

Mama gaskiyarki. Daren jiya bayan yara sun kwanta na tambaye ta, ta yi shiru sannan ta yi kuka, ta ce ita abin da ke ranta kada a koro yarinyar daga gidan da take, kuma tana tsoron tsohuwata ta kwanta ciwo ba ni nan. Ashe tun watan jiya ta rage nata tuwon dare ban lura ba.

Yau da yamma na tara dattawa 3 na faɗa musu komi, abin da ban taɓa yi ba. Ɗaya ya ce su sun ɗauka daga sama ana aiko mini wani abu duk wata. Sun ce za su yi magana da masu tafiya kafin Kirsimeti. Ban ce ma ƙanena e ba ban ce a'a ba, na dai tambaye shi ko zai iya ranta mini kuɗin pano da batir in biya shi bayan damina, ya ce zai duba. Ranar Litinin zan shigo Maradi in ga shugabanmu, Ma'aji zan neme ka in na sauka tasha. Wanda ya san kan pano, wane girma ne zai iya cajin waya kamar 15 a yini, kuma nawa zan riƙo?