An ba ni kwamitin zaƙulo 'yan takara, kuma kowa na gudun kujera

Mai Gwajin Jini ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan aiki.

A ƙungiyarmu ta masu aikin gwaje-gwaje a asibiti, wa'adin shugabanni shekara biyu ne, kuma duk aikin sa-kai ne, ba a biyan kowa ko sisi. Bana aka ɗora mini jagorancin kwamitin mutum biyar da zai fito da 'yan takara kafin babban taron shekara. Mun tura fom ga mambobi ta imel da zauren WhatsApp, muka ba da mako uku. Ranar da lokaci ya cika na buɗe akwatin saƙo, fom huɗu kacal na tarar: biyu na shugaba, ɗaya na sakatare, ɗaya na jami'in hulɗa da jama'a. Kujerar ma'aji kuwa ko leƙa ta ba a yi ba. Cikin biyun na shugaba ma, ɗaya wani ne ya cike wa abokinsa ba da saninsa ba. Da na kira mutumin sai ya ce wallahi a bakina yake jin labari.

Ana cikin haka shugabanmu mai barin gado ya kira ni da daddare. Bayan gaisuwa ya ce zai turo mini 'yan sunaye don ya rage mana wahala, ya kuma nemi ya zauna da mu a zama na gaba. Mutumin kirki ne, ya yi wa ƙungiyar nan bauta, a hannunsa ma na koyi aiki, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Ga shi tun ba mu fitar da suna ko ɗaya ba, matasanmu sun fara rubuta "ɗauki-ɗora" a zaure.

In karɓi sunayen nasa? Kuma in mutum ɗaya ne ya fito a kujera, sai an kaɗa ƙuri'a ko a tafa masa kawai? Kundin tsarin mulkinmu bai ce komai ba illa kwamiti ya gabatar da 'yan takara, a yi zaɓe da ƙuri'ar sirri.

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Sunayen ki karɓa, kujerar ki hana shi. Shi ma mamba ne, yana da damar ba da suna kamar kowa, amma ya cike fom irin na kowa, takardarsa ta shiga cikin sauran. Zama da ku ne bai dace ba. In kina neman abin kafa hujja don kada ya ga kamar ke ce kika ƙi shi, akwai Robert's Rules of Order, littafin ƙa'idojin taro da wani injiniyan sojan Amurka, Henry Martyn Robert, ya fara bugawa a 1876, wanda ƙungiyoyi da yawa ke aiki da shi har yau. Ya nuna cewa bai kamata shugaba ya naɗa wannan kwamiti ba, balle ya zama ɗan cikinsa. Dalilin a fili yake: ranar da ya zauna, ko bai buɗe baki ba, ba wanda zai iya cewa mataimakinsa bai cancanta ba.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne kujerar ma'ajin nan. Fom ba ya kawo ma'aji. Ni da aka kawo ni, wata babbar yayarmu a aiki ce ta zaunar da ni bayan taro, ta buɗe littafin shige da fice a gabana, ta ce ga aikin: yamma biyu a wata kana daidaita rasit da takardar banki, sai mako ɗaya kafin taron shekara da ba za ka yi barcin kirki ba, kuma kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Da na ga iyakar abin sai tsoron ya tafi. Mutane ba aikin suke gudu ba, rashin sanin girmansa ne, da fargabar a wayi gari a kira su ɓarayi. Ku rubuta wa kowace kujera rabin shafi: me ake yi, awa nawa a wata, wa ke duba aikinka. Sannan ku biyar ɗin ku raba sunaye ku ɗaga waya. Kada kuma ku sa sunan kowa sai ya amince da bakinsa, kin dai ga abin da ya faru da mai fom ɗin can.

Ɗan Aikin Dare ya amsa:

Baba, da girmamawa, a nan ne ba mu jitu ba. Wannan ɗaga wayar ita ce ke haifar da abin da muke kuka da shi. Wa za ku kira? Wanda kuka sani. Wa kuka sani? Wanda ke zuwa taro. Mu da muke kwana a wurin aiki, kuɗin ƙungiya ne kawai ke sanin lambarmu. Shekara shida ina biya, ba a taɓa tambayata ko zan riƙe ko da rajistar halarta ba.

Kuma kada a ce ai ana iya ba da suna a zauren taro. Wanda ke bakin aiki a ranar fa?

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Ƙanena mai aikin dare yana da gaskiya, Tsohon Ma'aji ma yana da tasa. A nemo mutane, amma a bar wata ƙofa da ba ta bi ta kwamiti ba. Mu a IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, wanda ba a fito da sunansa ba yana iya tara sa hannun mambobi, in ya cika adadin da aka gindaya a sa shi a takardar zaɓe. Kuma wanda ya ci ba ya hawa nan take: shekara ɗaya yana jiran gado, ɗaya yana shugaba, ɗaya yana tsohon shugaba mai ba da shawara. Ƙaramar ƙungiya ma za ta iya ɗaukar wannan. Hajiya, da shugabanku na da irin wannan mazauni bayan ya sauka, wataƙila da bai kira ki da daddare ba.

Batun ɗan takara ɗaya: tunda kundinku ya ce ƙuri'ar sirri, sai an kaɗa, tafi ba ya maye gurbinta. Ku bar layi a ƙasan takardar don mai son rubuta wani suna. Kada kuma ku cusa ɗan rakiya don a ce an yi takara, mambobi ba yara ba ne.

Abu ɗaya da za ku warware tun kafin ranar: me ake nufi da cin zaɓe? A ce mutum uku sun tsaya, ƙuri'a 90, na farko ya samu 40, na biyu 30, na uku 20. In dokarku mafi yawan ƙuri'a ce, mai 40 ya ci, alhali mutum 50 ba shi suka zaɓa ba. In fiye da rabi ce, sai ya kai 46, ke nan a sake zagaye. Na taɓa ganin taron da aka fara wannan gardama bayan an gama ƙirga, kowa ya riga ya san wace fassara ce za ta ba nasa nasara. Har aka kashe fitilun zauren ba a rabu ba.

Mai Gwajin Jini ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shugaba, na ce ranka ya daɗe, sunayen a cike musu fom, amma zama da mu ba zai yiwu ba, don kare mutuncinka ne. Ya yi shiru har na duba wayar ko ta katse, sannan ya ce in turo masa fom uku. Mun ƙara kwana goma, mun liƙa bayanin kowace kujera a zaure, kuma na ɗauki jerin masu biyan kuɗin ƙungiya gaba ɗaya muka raba, ba na masu zuwa taro ba. Ɗan Aikin Dare, ka ji. Zancen tara sa hannu sai an gyara kundi, zan kai shi taron.

Sai dai wata ta ɓullo. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitina, da ta karanta rabin shafin da ita da kanta ta rubuta, ta ce ita fa za ta iya ma'ajin nan. Ya halatta?

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Littafin da na ambata bai hana ba, don da an hana, da sai a riƙa tura duk wanda ake tsoron takararsa cikin kwamiti a ɗaure shi. Amma ga yadda zaurenku ya ɗau zafi, ni da ita ce sai in ajiye aikin kwamitin a rubuce yau, ku sanar, ku huɗu ku tantance ta ba ta cikin ɗakin. Ranar zaɓe kuma kada ta kusanci teburin ƙirga. Ki turo ta in nuna mata yadda ake jera rasit.