Neman kalma: me za mu kira "cloning" da "secreted protein"?

Ɗalibar digiri na biyu: Salamu alaikum malamai. Ana buƙatar Hausar kalmomin nan biyu don bayanin yadda ake gano furotin ɗin da ƙwayoyin jikin mutum ke fitarwa, masu yi wa ƙwayoyin garkuwar jiki magana. Shin "fitaccen furotin" da "tagwaitawa" sun yi?

Malamin ilimin garkuwar jiki: Wa alaikumus salam. Fitaccen furotin kuma, sai ka ce mawaƙi! A ce "furotin mai fita". Alamarsa tana goshinsa, wato farkonsa: jerin amino asid (tubalan ginin furotin) 15 zuwa 30, yawancinsu masu gudun ruwa, su ke kai shi hanyar fita, sannan a datse su. Da wannan goshin aka kafa masa tarko, wato dabarar gano shi, a 1993 a Kyoto ta Japan, har aka kamo SDF-1, furotin mai kiran ƙwayoyin garkuwar jiki. Furotin irin su IL-2 da IL-8 masu kai saƙo ga ƙwayoyin garkuwar jiki kuwa, "'yan aike" ya dace da su, amma ban da albumin na cikin jini, shi fita yake yi, ba ya kai saƙo.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Malam ya gama da ta farko. "Tagwaitawa" ce ban yarda da ita ba, tagwaye biyu ne, mu kuwa miliyoyi muke samu. Ga aikin: a tsamo mRNA, wato saƙon da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, a juya shi zuwa cDNA, wato kwafinsa na DNA, a manna shi a zoben DNA da ake kira filasmid, a cusa wa bakteriyar E. coli, a shimfiɗa a faranti mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kwana a zafin digiri 37. Zoben na ɗauke da kariya daga maganin, don haka bakteriyar da ba ta karɓe shi ba ta mutu. Kowane ɗigo da ya tsiro daga ƙwaya ɗaya tal ya fito. Dasawa ake yi, ba haihuwa ba.

Malamin ilimin garkuwar jiki: Asalin kalmar ma a Girkanci reshe ne, wanda ake yanka a dasa. To, "dashen kwafi".

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Ta zauna, har aikatau ta bayar: mun dasa kwafin IL-8. Amma ƙanwata, ki raba dashen da girbin furotin. E. coli ba ta liƙa wa furotin sukari, sau da yawa ma dunƙule shi take yi ya ƙi narkewa, shi ya sa ake komawa ƙwayoyin dabba ko na mutum da ake rainonsu a ɗakin gwaji, irin su CHO ko HEK293. Babbar matsala ita ce LPS, gubar bangon bakteriya da ke iya biyo furotin ɗin: ɗan kaɗan ya isa ya tayar da makurofaj, wata ƙwayar garkuwar jiki, ta TLR4, na'urarta ta gane LPS, ki ɗauka furotin ɗinki ne ya yi aiki. Ki tafasa wani kaso ki sake gwadawa. Zafi na lalata yawancin furotin, LPS kuwa ko a jikinsa. In tasirin bai ragu ba, ki fara zargin dauɗar LPS.

Ɗalibar digiri na biyu: Na gode Malam, na gode Anti. Na rubuta ukun: furotin mai fita, 'yan aike, dashen kwafi.